Kejin Hajjagana

Tunda kun mai da abin wasa, duk Sallah in kun taru sai wani ya ce Kaka ta reni Hajjagana a keji kamar 'yar tsako, bari in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ido. Ban hana ku dariya ba, ni ma nakan yi. Amma bara da kuka sa ta a gaba na ga yarinyar ta tashi ta shige ɗaki, kuma na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana cewa ai gadon da dangin ubanta suka kawo ne aka yi wa wani abu. Wannan maganar ce ta hana ni sakat, domin daga bakina ta fara fita, kuma ƙarya ce.

Shekarar da Malam ya rasu ne. Na fita takaba na tarar da gidan nan namu na unguwar Abbaganaram a Maiduguri ya yi mini girma, ku duk kun watse gidajenku, in na ajiye kwano sai in ji ƙararsa har zaure. Ana nan Zara, autata, ta haihu. Mijinta an tura shi aiki can kudu, ita kuma tana aikin jinya daga safe zuwa la'asar, don haka aka yi shawara bayan arba'in ta ci gaba da zama wurina, ni in riƙe jaririya da rana. Uwar mijinta, Hajja Falmata, ta yarda, amma yardar da ka gani ka san ta baki ce. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke kiranta Hajjagana, wato ƙaramar Hajja da Barbarci, kuma kowa ya san dangin uba su ke da ƙarfin magana a kan ɗa. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, yarinyar nan ita ta sa na koma cin abinci. Saboda ita nake tashi in share tsakar gida.

Ranar suna aka shigo da gadon a bayan a-kori-kura. Fari tas, da gidan sauronsa, da katifa sabuwa dal a cikin ledarta. Hajja da kanta ta je ta zaɓo shi. Matan layinmu har layi suka yi suna shafawa. Da jama'a suka watse sai na ga Zara ta sa farce za ta yage ledar, na buge hannunta.

"Iya, ai cire wannan ake yi."

"A gidan wa? Fitsari ɗaya ya gama da katifar. Kuma Hajja ta zo ta ga me, ta ce an raina mata kaya?"

Kun san halinmu. Sabon abu ba a raba shi da ledarsa, ko kujera ce, ko rediyo, ko katifa, don duk wanda ya shigo ya san sabo ne kuma ana tattalinsa. Na shimfiɗa ɗan siririn zanin gado a kai, magana ta ƙare. Zara ta ƙara tayar da zancen sau ɗaya bayan wata biyu, na ce mata ba a asibitinsu muke ba.

Da sanyi babu wanda ya ga matsala, yarinya takan yi ɗan barcinta a ciki. Zafi na shigowa aka fara rigima. Wanda bai yi bazara a Maiduguri ba ba zai gane ba; zafin da in ka taɓa ƙarfen ƙofa da azahar sai ka yarfe hannu. In na goya ta, barci. In na kwantar da ita a tabarma, barci. Ina sa ta a gadon nan, kafin in kai bakin ƙofa ta banƙare tana tsala ihu, jikinta sharkaf. Na ce haƙori ne. Aka karɓo rubutu, aka yi tofi, na yi mata hayaƙin habbatus-sauda. Zara ta kai ta wurin likita, ya ce lafiyarta ƙalau, ƙurajen zafi ne kawai a bayanta. Wata rana gajiya ta kai mini ko'ina, maƙwabciyata Ya Bintu ta leƙo, sai na ce mata ni fa gadon nan ban yarda da shi ba, wa ya san hannun da ya bi kafin ya iso nan. Ban ambaci kowa ba. Amma a unguwarmu in ka faɗi magana da safe, kafin magariba ta yi ado ta isa inda ba ka aike ta ba, kuma wannan ta isa kunnen Hajja.

Ga kuma sana'ata. Turaren wuta nake haɗawa tun kafin a haifi yawancinku, kuma aikin duk wuta ne: kurfoti biyu da gawayi, tukunyar sukari tana tafasa, ana zuba itacen hawi da sandal ana juyawa. In ka ɗauke ido ya ƙone, aikin kwana biyu ya tafi. Haka nake duƙawa a kan wuta da yarinya 'yar wata takwas a baya, har ƙuguna ya fara gaya mini shekaruna. Ran wata Talata na kasa. Na sauke ta a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta yi barci, na juya ga tukunya. Ban san ta farka ba, ban kuma san rarrafenta ya yi sauri haka ba. Ihunta kawai na ji. Ta kama ludayin ƙarfen da na ajiye a gefen kurfoti, yatsu biyu suka tashi. Tabon da ke hannunki na hagu ke nan, Hajjagana, ba faɗuwa kika yi ba kamar yadda aka gaya miki.

Washegari Hajja ta zo. Muka gaisa da Barbarci kamar yadda muka saba, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Ta karɓi yarinyar ta daɗe tana kallon hannun da aka naɗe, sannan ta dubi kurfoti, ta dubi ƙofar ɗakin da gadonta yake.

"Ya Kaltum, na ji an ce gadon da na kawo ba a yarda da shi ba."

"Hajja, maganar mutane ce."

"To. Ni ban zo don gado ba. Yarinyar da ba ta barci, ga wuta a tsakar gida, ke kuma hannu biyu Allah ya ba ki. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da mota. Ita da uwarta su koma wurina."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Da ta tafi na zauna a bakin rijiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Malam. Zara ta dawo aiki ta same ni a haka. Ita ce ta ce akwai wani abu da ake sayarwa, kamar shinge, ana sa yaro a ciki ya yi wasa ya yi barci ba ya fita. Ta faɗi sunansa da Turanci, ni dai har gobe shinge nake ce masa. Ta ce ko da Hajja ba ta sauya magana ba, a gwada.

Ranar Alhamis na bar yarinya wurin Ya Bintu na hau keke-napep zuwa kasuwa, layin masu kayan jarirai. Shagon Maman Obinna aka nuna mini, wata Inyamura da ta fi shekara ashirin a garin nan, Hausa a bakinta kamar tamu, har da gaisuwar Barbarci. Ni kuwa da niyyata na je: wanda ya fi kowanne kyau zan ɗauka, don in Hajja ta gani ta san mu ma ba a bar mu a baya ba. Ta buɗe mini wani shuɗi mai raga, da ƙasansa mai sheƙi, da 'yan tsuntsayen roba suna lilo. Ta buɗe wani mai zif a gefe, har da wurin sa kwalbar madara. Na nuna shuɗin na ce a naɗe. Maimakon ta naɗe sai ta jawo mini kujera.

"Mama, zauna tukuna. Me ya sa kike nema? Ba ta da gado?"

Na ba ta labari, na ce gado akwai, yarinya ce ta ƙi shi.

"In ta yi barci, a ina take yi?"

"A bayana. Ko a ƙasa, kan tabarma."

"Katifar gadon wace iri ce?"

Nan fa na gyara zama. Na ce katifa kam babu irinta, sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba. Wallahi da alfahari na faɗa. Matar nan ta dube ni ta daɗe, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta jawo wata 'yar katifa mai leda daga cikin kayanta ta ɗora mini a cinya, ta yafa ƙyalle a kai.

"Naɗe hannun rigarki ki kwantar da damtsenki a nan. Kar ki ɗaga sai na kawo miki ruwa."

Shagon rufin kwano ne, rana ta take. Kafin ta dawo da ruwan na ji wurin ya fara ƙaiƙayi, ya ɗau zafi kamar an manna mini tafin wani. Da na ɗaga, ƙyallen ya jiƙe ya liƙe a fatata. Damtse ɗaya ke nan, na babba, na ɗan lokacin da za a ɗebo ruwa. Sai na tuna ƙurajen bayan yarinyar, da rubutun da na ɗura mata, da Zara tana cewa Iya ai cire wannan ake yi. Ruwan nan ban iya sha ba.

"Mama, ki je gida ki yanke ledar, gadonki lafiyarsa lau. Wannan shuɗin kuwa in kin saya, ƙasansa ɗan'uwan ledar ne. Kuka za ta ci gaba da yi, ki dawo kina zagina."

Na ce to da wutar fa, ai gado ba zai bi ni tsakar gida ba. Sai ta shiga can ƙuryar shago ta jawo wani abu da ƙura ta rufe, katako zalla, ɓangare shida da ake haɗawa, na gwanjo. Ba shi da ƙasa, ba shi da tsuntsu, ba shi da kyau ko kaɗan. Ta ce ya shekara a nan babu wanda ya kalle shi. Ta nuna mini yadda ake dubawa: ta sa yatsunta uku tsakanin sanduna ta ce in ya fi haka faɗi kan yaro zai iya maƙalewa, ta bi ko'ina da tafin hannu ko akwai ƙusa ko sartse, ta kafa shi ta ce in jijjiga da ƙarfina. Na jijjiga, bai motsa ba. Ta ce tunda ƙasa yarinya take so, in bar mata ƙasarta, in kewaye kawai. Na dube shi na ce wannan ai keji ne. Kun ga ashe ni na fara raɗa masa sunan, ba ku ba.

A hanyar dawowa, ina riƙe da katakai a cikin keke, na yanke shawarar da nake kunyarta har yau. Shingen zan kafa, amma ledar ba zan taɓa ba. In na yanke ta yarinya ta kwanta a gado ta yi barci, to na tsaya gaban Zara na ce ke ce da gaskiya, na tsaya gaban Ya Bintu da duk layinmu na ce abin da na faɗa a kan gadon Hajja sharri ne. Ban iya ba. Na bar gado da laifin.

Da yamma na sa masu amalanke suka kawo mini yashi mai laushi, irin wanda iyayenmu ke zubawa a ɗaki kafin siminti ya zo. Na tankaɗe shi da rariya, na baje a ƙarƙashin darbejiya nesa da wuta, inda ina juya tukunya ina ganin yarinya. Juma'a da hantsi na yayyafa masa ruwan randa, na shimfiɗa tabarmar kaba, na kafa shinge a kai. Na sa ta ciki da 'yar shimi kawai. Ta kama sanduna ta miƙe, ta yi ɗan ƙorafi, ta ciji katako, ta zauna tana buga murfin kwano. Ana kiran sallar Juma'a na waiga na ga ta kife, kunci a tabarma, ɗuwawu a sama. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran ihu. Shiru. Har na je na sa yatsa a hancinta don in tabbatar.

A haka Hajja ta shigo, mota na jira a waje, Zara, wadda ba ta je aiki ba ranar, na bayanta da jaka a haɗe da jajayen idanu. Ta tsaya cak.

"Ya Kaltum, takwarar tawa kika sa a akurki?"

"Hajja, a hankali, barci take."

"Tun yaushe?"

"Tun kiran farko."

Ta ce za ta jira ta farka su tafi. Na ba ta kujera a gefen shingen. Can na ga ta zare takalmi ta tura ƙafafunta cikin yashin da ya fito ta gefen tabarma. Ta ce rabonta da jin wannan sanyin tun ɗakin mahaifiyarta a Yerwa, cikin tsohon gari. Muka zauna, ni ina aikin turarena, ita tana kallon tazarar da ke tsakanin shinge da kurfoti kamar mai awo. Aka yi la'asar yarinya ba ta motsa ba. Da ta farka ba ta yi kuka ba, ta kama sanda ta miƙe tana yi wa Hajja gwalantu. Hajja ta ɗauke ta ta shafa bayanta, babu gumi. Ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta mayar da ita cikin shingen da hannunta.

"Zara, je ki ce wa direba ya juya. Ki kwance jakarki."

Na zauna a ƙasa inda nake, ina ta alhamdulillahi a zuci. A bakin zaure ta juyo ta tambaye ni, gadon nata fa. Na ce yarinya ce dai ba ta son shi. Ta ce to, Allah ya kyauta. Daga ranar ba ta ƙara kawo wa gidan nan ko tsinke ba sai ta hannun ɗanta, kuma in mun haɗu a biki gaisuwa ce kawai. Na sami jikata, ta yi shekara huɗu a hannuna, amma na bar baiwar Allah da zaton cewa ina zarginta da cutar da takwararta.

Sai da Hajja ta kwanta ciwonta na ƙarshe na iya. Lokacin Hajjagana tana aji uku a firamare. Bazara ce kuma, babu wuta, ita kuwa ƙarar janareta na sa mata ciwon kai. Na same ta a kwance tana juyi, 'yarta na yi mata fifita, ana cewa kwana nawa ba ta samun barci. Na roƙi a ba mu wuri. Na faɗa mata komai, tun daga hannun Zara da na buge har damtsena a shagon Maman Obinna. Na ce gadonki ba shi da laifi, Hajja, ni ce, ki yafe mini.

Na zaci ba ta ji ba. Sai na ga kafaɗunta na rawa, ashe dariya take, irin ta marar ƙarfi.

"Ai na ga ledar. Duk zuwan da na yi sai na leƙa. Daɗi nake ji, ina cewa matar nan ta san darajar kaya. Da kin cire da na yi fushi."

Ta numfasa, sannan ta ce in ɗaga gefen zanin gadonta. Na ɗaga. Katifar da ɗanta ya aiko mata ce da ta fara ciwo, tana nan cikin ledarta, ko ƙwarzane babu.

Muka kalli juna, tsofaffi biyu. Na leƙa na ce a kawo almakashi, a zo a taya ni ɗaga ta. Ni na yanke da hannuna, na shimfiɗa mata zanin auduga, muka mayar da ita. Ina zaune ina mata fifita, tana cewa ta yafe, ni ma in yafe mata shirun shekarun nan, har maganar ta fara yankewa. Ta yi barci tun daga azahar, kuma ban tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar. Bayan kwana tara ta rasu, Allah ya jiƙanta.

To kun ji. Hajjagana, ba don an rasa gado aka sa ki a keji ba, kuma kakarki da kika ci sunanta ba ta taɓa nufinki da komai ba sai alheri. Shingen yana wurin Ya Bintu, jikokinta uku sun yi barci a ciki. Gadon kuwa yana ɗakin ajiya, duk wadda ta riga haihuwa a cikinku ta zo ta ɗauka. Ba sai kun nemi almakashi ba, ranar da na dawo daga gidan Hajja na yanke.